Sabon Saurayin Kakar Ɗan Majalisa

Zuwa ga maigidana, Kunnuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka, da fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi, haƙorin nan na gefe ya bi burodi ya tafi, gwaggonka kuma tana yi min mulki kamar ita ta haife ni. Wayar da ka aiko ba ta yi min rana ba. Kunnena ba ya kama magana a cikinta, in kuma gwaggonka ta kira, wata yarinya ce mai sanyin murya ke cewa mai girma ɗan majalisa yana zama. Shi ya sa na koma takarda. Rubutun ajin manya ne, sai ka yi haƙuri da shi.

Na ji ka a rediyo. Ka ce mulki amana ne, ka ce za ku ɗauko abin da addini ya koyar ku sa shi a dokar ƙasa. Na ƙure muryar har maƙwabciya ta leƙo. Na ce mata wannan da kike ji ni na riƙe shi tun ranar da ubansa ya rasu, kuma sau ɗaya na taɓa ba shi amanar tukunyar nama, na dawo na tarar da romo. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

To mai amana, rufin ɗakina yana nan yadda ka san shi, sai dai ramukan sun hayayyafa. Duk robar gidan nan tana ɗakina tana tarar ruwa. Jiya da lema a ka na yi la'asar. Na sha rubuta maka, ka sha cewa bayan wannan zama.

Saboda haka ina sanar da kai na yi sabon saurayi. Mai Kwalta ake ce masa, shi ke yin titi. Ƙato ne, da tumbi, da zobe, da turare mai sa atishawa. Ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofata, ya ce bai dace uwar babban mutum ta riƙa jiƙewa ba. Na ce ni ba uwarsa ba ce, matarsa ce, mijin ne ba ya zuwa. Ya kawo firiji, ya sa kafinta ya auna rufin. Gashin kansa bai kai naka ba, amma kunnuwansa daidai suke da kansa.

In ba ka zo ba zan kashe aurenka in bi shi. Ka faɗa min in karɓa ko kar in karɓa.

Amaryarka ta gida.

*

Zuwa ga amaryata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mu duka muna lafiya, Allah ya sawwaƙe gwiwa. Haƙorin kuma ki bar shi, dama ya gaji da gulma.

Wannan saurayin na nawa ke nan? Ina mai gyaran agogon da zai sai miki jirgin sama? Ina limamin da ya aiko neman aurenki, wanda na bincika na tarar ya rasu tun kafin a haife ni? Yanzu kuma mai titi. To na ji, ba na kishi. Ki karɓi duk abin da ya kawo. Ki ce masa ni na ce firiji da kwano sun yi kaɗan, ya ƙaro mota, ni kuma na san yadda zan saka masa a nan.

Batun rufi, ki ƙara haƙuri kaɗan, Kaka. Wallahi ko gida sai in kwana biyu ban gani da rana ba. Bari in gaya miki abin da ya riƙe ni, tunda kin ji rabinsa a rediyo.

A kwamitinmu akwai musulmi, akwai waɗanda ba musulmi ba. Kundin tsarin mulki, wato uwar dokokin ƙasa, ya hana gwamnati ta ɗauki addini ɗaya ta ce shi ne nata. Malamai suna so a rubuta sunan shari'a a goshin dokar. Lauyoyi sun ce in aka yi haka kotu za ta soke ta kafin a gama tafi. Ni na ce mu ɗauki hukuncin, mu rubuta shi da harshen da kowa zai sa wa hannu. Abin da muka koya tun muna yara ne: mai riƙe da aikin jama'a, kyautar da aka kawo masa ba tasa ba ce, don da a gidan uwarsa yake zaune ba wanda zai kawo. Na ƙara da cewa ko ta hannun matarsa aka bi, ko uwarsa, ko wani nasa, muddin da saninsa, to ya sauka daga kujera. Wani dattijo da ba addininmu ɗaya ba ya miƙe ya ce su ma haka littafinsu ya ce. Malamai sun yi min fushi don na cire sunan, 'yan kwangila sun yi min fushi don na bar hukuncin. Wannan sashe na dokar ni na rubuta shi, har da sunana ake kiransa. In ya wuce, na yi abin da ya kawo ni.

Ki yafe takardar ofis, ita ce a gabana. Ki gaishe da gwaggo.

Mijinki da ba a kashe aurensa.

*

Kunnuwa,

Sallama da gaisuwa. Lafiya lau, sai mura, ita ma ta ruwan baya ce, don yanzu ruwa ba ya taɓa ni.

Wato kun ɗauki addini kun sa masa kwat don kar a gane shi a ƙofa. Allah ya ba da sa'a. Ni abin da na gane a takardarka shi ne ka ce in karɓa.

An yi rufi. Kafintoci sun yini a sama suna buge-buge, gwaggonka tana ƙasa tana ba su umarnin da ba sa ji. Kwano ne mai kauri, ja, har da silin fari a ciki. Da aka yi ruwan farko na kwanta ina sauraro, yana duka yana komawa. Robobi duk na mayar wa gwaggonka. Firijin kuma na sa masa ruwa da maganin gwiwa, sauran wurin maƙwabta sun cike shi.

Saurayina ya dawo ganin aiki. Ya tambaya ko maigidan ya san da zancen. Na ce har ya ba da izini a rubuce. Na sa tabarau na karanta masa, da na zo wajen mota ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce rubutunka da kyau, ga tambarin majalisa a sama, in bar shi ya ɗauki hoto don tarihi. Ya ɗauki gaba, ya ɗauki inda ka sa hannu. Motar dai har yau shiru. Ina jin shi ma irinka ne.

Watan nan ya kusa ƙarewa ban ji daga gare ka ba. Ko kishin ne ya kama ka daga baya?

Amaryar mutum biyu.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Ba ni da lafiya, kuma ba ciwon jiki ba ne.

Takardarki ta daɗe a cikin tarin takardun ofis, sai shekaranjiya na buɗe ta. Kafin nan hoton tawa takardar ya riga ya zaga majalisa. Wani ɗan adawa ya miƙe a zauren ya karanta ta da ƙarfi, ya tsaya a inda na ce na san yadda zan saka masa, ya maimaita. Ya ce ga mai koya mana amana. Mutumin nan da kike kira saurayi yana da kwangilar da kwamitinmu ke bincike a kai, kuma shi da ire-irensa ne sashen nan zai rufe wa ƙofa.

Kaka, na ɗauka wasa kike yi. Tun ina yaro kike ƙirƙiro samari. Ta ina zan san wannan na gaske ne?

An kafa kwamitin ladabtarwa. In suka ce da sanina aka karɓa, ni na tafi, sashen ma ya tafi, don ba wanda zai jefa ƙuri'a ga dokar da mai ita ya fara karyawa. Malaman da suka ce na tsiraita dokar sun fara cewa ga sakamakon cire sunan Allah.

Abu biyu nake roƙo. A cire kwanon nan da firijin a mayar masa, a gaban shaidu. Sannan ki zo ki gaya wa kwamiti cewa wasan kaka da jika ne, ban san komai ba. Zan aiko mota. Kada ki ƙara magana da mutumin nan, kada ki ƙara nuna wa kowa takardata.

Jikanki.

*

Mai girma ɗan majalisa,

Na ga gaisuwar ta gajarce, amarya ma ta koma Kaka. To ni ina lafiya, tunda ba a tambaya ba.

A cire kwano, ka ce. A tsakiyar damina. In koma ƙarƙashin lema don mutanen birni su ce jikana yana da amana. Tsohon kwanon ma kafintoci sun tafi da shi, sai dai in rufe ɗakin da dokarka, in tana da faɗi.

Ka ce ta ina za ka san na gaske ne. Ramukan rufin ma ka ɗauka wasa ne? Damina nawa ina rubuto maka su? Kai duk abin da ya fito daga bakina abin dariya ne, saboda dariya ba ta sa mutum ya hau mota ya zo. Na tambaye ka a fili, in karɓa ko kar in karɓa. Da ka tsaya ka karanta kamar yadda kake karanta takardun manya, da ka aiko a duba.

Kuma kar ka ɗauka ban san ko wane ne Mai Kwalta ba. Tun ranar da ya durƙusa na san ɓarawo ne, mutumin kirki ba ya kai gwiwa ƙasa har haka don tsohuwar da bai sani ba. Amma ɓarawon ya kawo tsani. Da ya ɗaga waya zai ɗauki hoton nan, na ga idonsa, na ga abin da ke ciki. Na yi niyyar janye takardar. Sai na ce bari dai mu gani ko wannan karon za a amsa min da wuri. Ga shi kuwa an amsa, har da alkawarin mota.

Zuwa kam zan zo. Ban taɓa ganin majalisa ba, an ce kujerun suna juyawa. Amma maƙwabciya ta ce a irin wurin nan sai an rantsar da mutum. To ka sani, in na dafa Alƙur'ani ba zan yi maka kara ba. Za su ce wasa ne? In ce wasa muke yi tun yana tsirara. Za su ce kin gaya masa? In ce na gaya masa. Za su ce me ya ce? In ce ya ce a ƙaro mota. Wanne ne ƙarya a ciki? Kai ne ka ce a rediyo shugaba da talaka duk ɗaya suke a gaban gaskiya. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma ban ji inda ka ce ban da jikoki ba.

In suka ba ni lokaci zan ba su labarin tukunyar nama.

Kakarka, wadda ruwa ba ya taɓawa.

*

Kaka,

Ina gaisuwa, da fatan jiki da sauƙi. Na ji duk abin da kika ce, kuma kin fi ni gaskiya. A bar kwanon.

Kafin tafiyar, zan turo likita ya duba miki gwiwa, don hanyar da nisa. Na yi magana da gwaggo. Ki saki jiki da shi, mutum ne mai son raha.

Mijinki.

*

Maigidana,

Yanzu ka yi magana. Gaisuwa mai yawa, har da ta shekaranjiya da na hana ka.

Likitanka ya zo. Yaro ne kyakkyawa, da farar riga da ɗan gemu kamar an zana. Gwiwar dai sau ɗaya ya taɓa ta, ya ce tsufa ne, abin da na sani tun kafin ya yi haƙori. Sai ya zauna ya hau yi min tambayoyi kamar mai neman aure. Ka ce yana son raha, to na ba shi.

Ya ce shekaruna nawa, na ce sha bakwai, wahala ce ta sa na yi haka. Ya ce wace shekara muke ciki, na ce shekarar da za a kai ni ɗaki. Ya ce ina da miji? Na ce biyu, ɗaya yana majalisa ɗaya yana titi, in shi ma yana so ya bi layi. Ya ce wa ke mulkin ƙasar nan, na nuna gwaggonka. Bai yi dariya ko sau ɗaya ba, sai rubutu yake yi. Na ce ɗan nan, wanda ya ce kana da raha ya cuce ka. Shi ma ya rubuta.

Gwaggonka tana tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Da zai tafi ya ba ta wata takarda ta sa hannu, ta ce ta magani ce. Maganin bai zo ba tukuna.

Na ba tela sabon yadi, ya ce jibi. Na fasa ba su labarin tukunyar nama, na ga ka yi ladabi. Sauran kuwa sai yadda suka tambaya. Yaushe motar za ta zo? Ka ce wa direban ya zo da safe, ba na son tafiyar rana.

Amaryarka.

*

Kaka,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. Na daɗe ban rubuto ba, na san kin jira mota.

Dokar ta wuce. Sashen yana ciki, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Musulmi da waɗanda ba musulmi ba suka jefa masa ƙuri'a tare, lauyoyi sun ce ba kotun da za ta soke shi. Daga yanzu duk mai riƙe da aikin jama'a a ƙasar nan, in aka kai wa nasa kyauta da saninsa, ya sauka. An soke kwangilar Mai Kwalta.

Gara ki ji sauran daga gare ni. Likitan nan ba don gwiwa na turo shi ba. Na miƙa wa kwamiti rahotonsa, cewa tsufa ya taɓa miki hankali. Na haɗa da takardarki ta farko, inda kike ce min miji. Na ce tawa amsar lallashin mara lafiya ce, kamar yadda ake biye wa yaro, kuma mutumin nan ya yaudari tsohuwar da ba ta san abin da take yi ba. Akwai waɗanda suka san wasan kaka da jika a cikinsu, su ma suna da kakanni. Sun sunkuyar da kai, sun karɓi rahoton.

Da kin zo kin rantse, da gaskiya za ki faɗa, da kuma gaskiyar ta kashe dokar. Na tambayi wani malami, ban ambaci suna ba. Ya ce in ɓarna biyu suka haɗu ana ɗaukar ƙaramar. Na auna, na ga dokar ta mutane ce masu yawa, ke kuma ke ɗaya ce, kuma tawa ce.

Ba na iya barci tun ranar. Ki yafe min, Kaka. Ba abin da nake nema yanzu sai wannan.

Jikanki.

*

Kunnuwa,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau, in ana karɓar wannan daga bakina.

Ba kai ka fara gaya min ba. Rediyon da na ƙure don a ji muryarka, shi ya gaya wa unguwa. Ina zaune da sabon ɗinkina a jiki, don na sa shi in gwada, maƙwabciya tana gefe tana cewa ya yi min kyau. Sai ta tashi, ta kwashe kayanta daga firiji.

Bari in ba ka labarin yadda dokarka ke aiki a nan. Gwaggonka ta ɗauke ashana da wuƙa, ta sa wa ƙofar gida kwaɗo. Ta san lafiyata ƙalau, amma ta sa hannu, dole ta riƙa yi kamar gaske, kuma na ga abin ya fara yi mata daɗi. Matan da ke zuwa jin labari suna zuwa har yanzu, amma kallo suke zuwa yi. In na yi wasa sai su dubi juna. In na faɗi gaskiya sai su ce to, Inna, haka ne, da irin muryar da ake yi wa jariri. Yaran da ke taruwa a tabarmata iyayensu sun hana. Rannan na ce wa mai kanti canjin da ya ba gwaggonka bai cika ba, ya shafa kaina. Ni, ya shafa kaina. Shekara da shekaru ba wanda ya isa ya ja da bakina a layin nan, yanzu ba mai ja da ni ko ɗaya, kuma ban san akwai abin da ya fi wannan ciwo ba.

Malamin naka ya iya awo. Da ka gaya masa ƙaramar ɓarnar ita ta yi maka wankin fitsarin kwance har ka shiga aji huɗu, wataƙila da ya sake ɗora ta a sikeli. Amma ba komai, kai ma ka ce taka ce. Mutum da abinsa.

Ni ma na yi tambaya. Malamar da ke koyar da mata ta zo duba ni, na ce mata, wanda hankalinsa ya gushe, maganarsa tana da hukunci? Ta ce a'a, Inna. Na ce cinikinsa? Ta ce bai ƙullu ba. Shaidarsa? Ba a karɓa. Kyautarsa? Ba ta tabbata. Na ce to in wani ya zalunce shi, ya ce ya yafe? Ta ce ai sai mai hankali ke sarayar da haƙƙinsa, nasa yana nan ajiye har ranar da za a tsaya. Ta ɗauka ruɗewa ce ta sa nake tambaya, har ta yi min addu'a.

To ka ji. Ba ƙi na yi ba. Abin da kake roƙo ba ya hannuna, kai ka karɓe shi, likita ya buga hatimi, majalisa ta amince. Wannan hukuncin ma daga addini yake, sai ka ga ko za a sa shi a doka ta gaba.

In kana son yafiyata, hanya ɗaya ce. Ka koma zauren nan, inda kujeru ke juyawa, ka miƙe ka ce kakata lafiyarta ƙalau, ƙarya na yi. Ranar da na ji haka a rediyo, hankalina ya dawo, kafin ka zauna na yafe maka. Ka san abin da sashenka zai yi maka bayan nan, kai ka rubuta shi.

Kada ka damu da inda wannan takardar za ta faɗa. Ko a tsakiyar majalisa aka karanta ta, ba wanda zai yarda.

Kakarka.